Jar Fitilar Motar Baba

Mahaifina direba ne, kuma duk tsawon shekarun da ya yi riƙe da sitiyari abu ɗaya yake taƙama da shi: inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba. Bai gina gidan sama ba, bai je Makka ba sai da furfura ta cinye gemunsa, amma wannan magana ko a gaban wa zai faɗe ta kansa a sama. Motarsa a-kori-kura ce, fara a da, rana ta mayar da ita kalar toka. Da ita yake kwasar albasa daga fadamun Shagari ya kai Sakkwato, ranar kasuwa kuma ya ɗebo mutane da awakinsu. A bayan motar nan muka tashi, da ita muka ci muka sha.

Kullum ya fito daga sallar asuba, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya buɗe bonet. Ya zaro sandar awon mai, ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya murza baƙin man tsakanin yatsunsa biyu, ya kai hanci. Ko motar ba ta je ko'ina ba jiya sai ya yi haka. Shi ne kuma yake jan salla a ɗan masallacin ƙofar gidanmu, wanda sahu biyu ke cika shi. Ba wani shahararren malami ba ne, amma yana da hadda, kuma muryarsa na da daɗi. Abubuwan nan biyu, motar da limancin, su ne mahaifina.

Ni kuma bakanike ne. Shi da kansa ya kai ni koyo, na ƙware, na buɗe garejina a Boɗinga, a gindin dogon yaro biyu a bakin titi. Ina da saurin hannu, ina da saurin fushi, kuma a lokacin gani nake babu abin da ya rage mini in koya a cikin inji. Ƙaramin sani ƙuƙumi, in ji masu magana, ni kuwa na sa shi a wuya ina yawo.

A wata bazara, tsakiyar kwasar albasa, Baba ya tsaya a garejina da yamma kan hanyarsa ta komawa gida. Motoci huɗu na jirana, masu su na tsaye a kaina, zafi kamar a gasa gurasa a kan bonet. Ya bari na ɗago kaina tukuna, don bai taɓa katse mai aiki ba, sannan ya ce:

"Ɗan nan, hitilar ga ta mai tana ƙyahta min ido. In na tsaya sai ta kama, in na taka totur ta ɓace. Duba min ita."

Karo na uku ke nan yana faɗa mini. Na ce, "Baba, kun auna man?"

"Cike shike. Da sahe na auna, yanzu ma na auna."

"To suwic na ya gaji, ba komi ba na."

Suwic ɗin wani ɗan abu ne da ake ɗaurawa a jikin inji, bai fi babban yatsa ba. Shi ke jin ƙarfin man da ke zagayawa, in ƙarfin ya faɗi ya kunna jar fitila a gaban direba. Waya ɗaya ce tak ta haɗa su. Mu kanikawan bakin titi muna da wata mummunar al'ada: in fitila ta dami mai mota, maimakon mu tambaye ta abin da ke damunta, sai mu rufe mata baki. Mun yi wa ɗaruruwan motoci, yawanci kuma mu sha lafiya, shi ya sa muke ɗauka wayo ne. Na leƙa ƙarƙashin bonet, na zare wayar, na cusa ta bayan wata tiyo. A raina na ce ranar Juma'a in na shiga Sakkwato zan sayo sabon suwic in ɗaura masa. Na rufe bonet na ce, "An gyara."

Ya tayar da motar, ya bar ta tana aiki a tsaye, ya zuba wa wurin ido. Fitila ba ta kama ba. Ya sa mini albarka ya tafi.

Wani zai ce ai direba kamarsa zai lura, tunda in an murɗa makulli kafin inji ya tashi dole fitilar ta kama. To a motar nan fitilu biyu ne ja maƙwabtan juna, ta batir da ta mai, gilashin da ke kansu kuma rana ta dusar da shi. In ɗaya ta kama sai jan ya bazu, ka ɗauka duka biyun ne. Na san da haka sarai lokacin da nake zare wayar.

Juma'ar ba ta zo ba. Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, ina kwance a ƙarƙashin wata mota na ji hayaniya a titi. Na fito na ga motar wani tsohon abokin Baba, direba ne shi ma, tana tahowa a hankali, a bayanta an ɗaura igiya ana jan a-kori-kurarmu. Baba na zaune a sitiyari, hannuwansa biyu a kai, yana kallon gabansa kamar wanda ake kaiwa kotu. An riga an juye albasar a wata mota. Haka aka ratsa da shi ta gaban tasha, ta gaban masu shayi da masu faci, duk mutanen da suka shekara talatin suna jin yana cewa inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba.

Kafin su kwance igiya direbobi sun taru. Baba ya fito ya ce yana cikin tafiya, saura kaɗan ya shigo gari, sai ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, kafin ya gangara gefen hanya injin ya ƙame. Ya auna mai, yana nan cike.

Abokin nasa, wanda baki ne da shi kamar reza amma ba shi da mugunta, ya ce, "Haba Malam, ai inji bai bugawa hitila ba ta yi magana ba. Ta kama, kai na ba ka gani ba."

Baba ya ce, "Wallahi ban ga ja ba. Idona na bisa gare ta tun Shagari."

"To a murɗa makulli mu gani, ko ƙwan na ya mutu."

Ni ne na buɗe bonet. Na sunkuya kamar mai duba wani abu, jikina ya kare su, na lalubo wayar a bayan tiyo na danna ta a mazauninta da babban yatsana. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna ne ya riga ni, don yana tsoron a ce ɗan Malam, bakaniken da ake yabo, shi ya kashe motar ubansa. Baba ya murɗa makulli, suka cusa kawuna ta taga, wani ya kare hasken rana da hularsa. Fitilu biyu, ja wur, kowacce a wurinta.

Abokin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gani? Lahiyatta lau. Tsuhwa na, Malam, kowa za shi isko. Ni ma jiya na nemi hulata tana bisa kaina."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don a sauƙaƙa wa mutum. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallon fitilar, sannan ya zare makullin ya miƙo mini, ya tsallaka titi ya tsaya jiran motar haya. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifina yana tsayar da motar wani ba sai ran nan.

Na ɗauka fushi ne na kwana biyu. Na ce in ya huce zai zo ya ce a sauke injin. Bai zo ba. Saƙo ya aiko a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna motar su ɗauka. Na ƙi, na tura ta gindin bishiya na rufe da tamfol. Damina ta sauka ta same ta a nan, ciyawa ta fito ta kewaye tayoyinta.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan je Shagari in gaishe su in ci tuwo. Sai na ga Baba ya koma wani iri. Yana zaune a zaure, yana amsa gaisuwa, amma kamar yana sauraren wani abu a cikin kansa. Wata rana Inna, mahaifiyata, ta ja ni kicin ta ce mini ya daina jan salla. Maƙwabcinmu ya tura gaba, shi ya koma sahu. Da aka matsa masa ya ce makogwaro ne.

"Ba makogwaro ba na," in ji Inna. "Tsoro shikai ya ɓace cikin aya gaban mutane. Ni ya hwaɗa ma. Ya ce mutumin da jar hitila ka ci gaban idonai tun daga nan hab Boɗinga bai gani ba, wa ya san abin da shika bari cikin salla?"

Ta ce yakan tambaye ta ko ya ci abincin rana, ba don ya manta ba, don ya ji ko amsarta ta zo daidai da abin da ya tuna. Yakan zauna shi kaɗai yana jero sunayen garuruwan kan hanya, daga Shagari har Sakkwato, ya juyo da su baya, ya shiga ƙauyukan cikin daji, Horo Birni, Dingyaɗi, yana ƙirgawa da yatsa ko ya tsallake ɗaya. In ya ajiye carbi ya neme shi minti ɗaya bai gani ba, ranar ba zai ci tuwon kirki ba.

Na ji maganar nan da kunnena, tuwo na hannuna. Ina so in ce a nan na tashi na je na durƙusa na faɗi gaskiya, amma ban yi ba. Na cinye tuwona, na wanke hannu, na hau babur na koma Boɗinga. Tsoro nake ji, kuma kowane mako da ya wuce ƙaryar ƙara nauyi take, har ta kai na kasa ɗaga ta. A hanya na yanke shawarar da matsoraci ke yankewa: zan biya da aiki. Zan tayar da motar, in yi mata abin da ba a taɓa yi wa motar albasa ba, in miƙa masa makulli, ya hau ya warke, bakina kuma ya tsira.

Da kaka ta yi na sayar da babur ɗin, na yaye tamfol, na sauke injin.

Ranar da na kwance kwanon mai na ƙasan injin na ga abin da fitila ta yi ta ƙoƙarin faɗa mini. Gindin kwanon dam yake da wani baƙin laka mai kauri kamar kwalta. Rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe, saura 'yan ƙofofi da ba su fi a ƙirga ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin lakar akwai guntattakin jan gam, irin wanda muke shafawa a bakin gasket don kada mai ya yi yoyo. Ni na shafa shi shekara biyu kafin nan, na lafta kamar mai yaɓen ɗaki, abin da ya yi yawa ya tsinke ya faɗa ciki. Famfon kansa haƙoransa sun cinye, farcena na shiga zanen da ke jikinsu. Mai yana nan cike kamar yadda Baba ya faɗa, amma kwance yake a ƙasa, ba ya hawa. In zafi ya tsinka shi, ɗan ƙarfin da ya rage ya faɗi, suwic ya yi kuka. Lafiyarsa lau, ni ne na gaji da jin sa. Metal ɗin kuwa, wato 'yan siraran ƙarafan da karanshaf, babban sandan ƙarfen cikin inji, ke juyawa a kansu, sun ƙone sun yi shuɗi, biyu sun narke sun manne.

Na kai karanshaf Sakkwato aka goge shi, na sayo metal daidai da sabon awonsa, da ringi da gasket. Wannan kowane bakanike zai yi. Inda na tsaya na ɓata lokaci shi ne hanyar mai, abin da yawancinmu ba ma waiwaya. Mu dai a sa sabon ringi, hayaƙi ya ɗauke, mai mota ya yi murna, tsohon famfo kuwa a wanke shi da fetur a mayar. Na rantse ba zan mayar da ko ƙusa ɗaya ta tsohon tsarin ba.

A cikin gangar inji akwai hanyoyi sirara da aka huda, ta nan mai ke bi ya kai ko'ina. Na kwance duk marufansu, na jiƙa gangar a kananzir kwana biyu. Na sami wayar tayar keke, na naɗe bakinta da tsumma, na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya ina zura ta ina zarowa, har sai da tsumma ya fito fari. Sannan na ɗora gangar a baro na tura ta wurin mai faci, muka hura kowace ƙofa da iskar injinsa. Yana ta yi mini dariya wai ko amarya ba a yi wa wannan wanka.

Famfo na nemo na irin injin da ya biyo bayan namu, mai dogayen haƙora, wanda ke tura mai fiye da na asali. Ya zauna a mazaunin, amma bututun rariyarsa ya yi tsawo yana taɓa gindin kwano. Sai da na yanke shi aka yi mini walda sau biyu kafin ya tsaya daidai, tsakaninsa da gindi kaurin ɗan yatsa, yadda zai zuƙa bai shaƙe ba. Na sa babbar filta a maimakon ƙaramar. A wurin masu tsofaffin kayan mota na tsinci wani ɗan ƙaramin lagireto na sanyaya mai, na wanke shi, na ɗaure a gaban na ruwa, na ja masa tiyo biyu, saboda zafin bazararmu ba irin wanda masu ƙera motar suka sani ba ne. Gam kuwa da ɗan yatsa na shafa, siriri, kamar mai shafa kwalli.

Na bar abu ɗaya a ƙarshe. Na sayo agogon mai, mai allura, wanda siririn bututun jan ƙarfe ke kai masa man kai tsaye daga inji. Ba ruwansa da waya, ba wanda zai rufe masa baki a ɓoye, in ka cire bututun mai ne zai feso maka a fuska. Na huda gaban motar na dasa shi daidai inda idon direba ke sauka. Fitilar ma na bar ta, na sake mata gilashi, na raba ta da ta batir. Ina ɗaure agogon ina jin kunya, don na san ba don injin nake sa shi ba, don irina nake sa shi.

Kowane metal sai da na shafe shi da mai kafin in kwantar da karanshaf. Na cika famfo da filta da hannu don kada su fara aiki a bushe. Sati biyar aikin ya ci, ina yi tsakanin ayyukan mutane. Da na gama ban tayar ba. Na aika wa Inna cewa ta yi duk yadda za ta yi ta turo Baba.

Ya zo wata Laraba bayan la'asar, a motar haya, a kujerar baya, an matse shi tsakanin mutum uku da buhun gero. Ya fito yana gyara rigarsa. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama. Na zagaya da shi ina nuna masa, ga famfo, ga filta, ga abin sanyaya mai, ina ta zuba kamar dillali. Na cire fulogogi, na juya injin da batir ba tare da ya tashi ba, muna kallon agogo. Allura ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta motsa ta ɗaga kai. Na mayar da fulogogi na murɗa makulli. Bugu ɗaya ya tashi. Jar fitila ta ɗauke, allura ta haye tsakiya ta tsaya cak. Injin na tafiya sumul, ko kofin shayi ka ɗora a kai ba zai zube ba.

Baba ya sa kunne, ya rufe ido. Na ga fuskarsa ta saki, karo na farko cikin wata bakwai. Ya zaro sandar awo da kansa, ya murza man a yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Ka yi aiki. Allah shi yi ma albarka."

Na kashe injin na miƙa masa makulli da hannu biyu. Ya dubi makullin, ya mayar da hannuwansa baya.

"Nemo mata direba mai hankali, ka riƙa ba innarka abin cehwane. Inji ya gyaru, ɗan nan, amma mai tuƙin bai gyaru ba. Wanda bai ga hitila ba, agogo ma ba ya ganin shi. Yau albasa ta, gobe rayukan mutane na. Ba ni ɗaukar alhakin kowa."

A hankali ya faɗa, ba ɗaci, kamar mutumin da ya gama yi wa kansa hukunci tuntuni. A nan na gane sati biyar ɗina da babur ɗina duk aikin banza ne. Na wanke kowace hanya a cikin injin nan, amma abin da ya toshe yana bakina. Na durƙusa a ƙasa, cikin baƙin man da ya jiƙe wurin, mutane na wucewa a titi.

"Baba, hitilar ba ta kama ba ran nan."

Ya dube ni.

"Ran da kunka ce in duba ta, ban gyara komi ba. Waya naz zare mata. Kuma da anka jawo ku, ni nam mai da ta kahin ku murɗa makulli. Idonku lahiya lau shike. Ba abin da kunka tsallake."

Ya ce, "Sake hwaɗi."

Na sake faɗa, daga farko, har da gam ɗin. Na so ya mare ni. Na so ya ɗaga murya mutanen tasha su taru, ya tona mini asiri yadda na bari aka yi masa dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dafa jikin motar, ya zauna a kan tabarmar da ya ƙi ɗazu, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wata bakwai," ya ce. "Wata bakwai ina kwana ina tashi da zaton hankalina na ka tahiya. Ina tsaye gaban Ubangijina ina tsoron bakina. Kai kau duk Juma'a kana zuwa kana cin tuwo da ni."

Na ce ya yafe mini, ya yi kamar bai ji ba. Ya daɗe a zaune, sannan ya mayar da hularsa, ya tashi, ya miƙo hannu. Na ɗauka ɗaga ni zai yi, ashe makulli yake nufi. Ya shiga ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla ya tayar. Ya ce in shiga ta ɗaya gefen, don sabon inji ba a barin sa ya yi tafiyar fari ba bakanike.

Muka kama hanyar Shagari. A hankali yake tafiya, kamar yadda ake yi wa sabon ringi, yana duban hanya yana duban allura. Hannunsa na shiga giya kamar jiya ya ajiye. Ni kuwa ina kallon gonakin da aka girbe, ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka an ɗora mini a ƙirji. Yafiyar ta zo daga baya, bayan makonni, ya faɗa da bakinsa a gaban Inna, kuma ya tuƙa motar shekara uku kafin Allah Ya karɓi abinsa. Amma watannin nan bakwai ba wanda ya iya mayar masa da su, kuma ni na cinye su.

Mun isa gida ana kiran magariba. Mutanen unguwa suka fito jin ƙarar da suka sani, ana ta barka. Abokin nan nasa mai baki ma yana nan, ya zo ziyara wurin 'yarsa da ke aure a layinmu. Baba ya yi alwala a bakin zaure, ni ma na wanke abin da zai wanku daga hannuna, muka shiga masallaci. Aka ta da iƙama, maƙwabcinmu ya taka zai wuce gaba kamar yadda ya saba. Baba ya yi gyaran murya. Mutumin ya waiwayo, ya dube shi, ya ja da baya.

Magariba gajeruwar sura ake karantawa, kowa ya sani. Baba ya ɗauko wata doguwa, daga cikin waɗanda ayoyinsu ke kama da juna, inda ko mahaddata kan zame. Muryarsa ta ɗan yi rawa a farko, sannan ta zauna. Ya bi ta aya bayan aya, bai tsaya ba, bai koma baya ba, ba wanda ya ɗora masa. A raka'a ta biyu ya ɗauko wata irinta. Ina sahu na biyu, baƙin mai a gwiwoyin wandona, hawaye na zuba mini har cikin gemu, ba damar sharewa.

Da aka sallame tsofaffi na ta murza gwiwa. Abokin nasa ya ce, "Malam, yau asham munka yi ko magariba?"

Baba na jan carbinsa, bai waiwayo ba. Ya ce, "Dubawa nikai ko ayoyin suna nan."

"To?"

"Suna nan duka. Ko guda ba ta ɓace ba."

Ba ni ya kalla ba da ya faɗa, amma duk masallacin ni kaɗai na san wa ake gaya wa.